Ramin da Cleon Tarver Ya Haƙa

"Na ce miki ba zan shiga ba, Odessa. Da wane yare kike so in faɗa miki?"

Mista Cleon Tarver yana zaune a kujerarsa ta falo, sandarsa a gicciye bisa cinya, ƙaramar rediyo mai batir tana ta surutu a kan tebur. Maƙwabciyarsa Odessa Pruitt tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe ƙyauren da hannu biyu don iska na neman fizge shi. A guje ta tsallako titi, silifas ɗinta ɗaya ya maƙale a taɓo, ba ta ko waiwaye shi ba.

"Kana jin abin da mutumin rediyon nan yake faɗa kuwa? Guguwar ta sauka ƙasa. Ya ce faɗinta ya kusa mil guda, kuma nan ta nufo!"

"Haka ya faɗa waccan Juma'ar. Haka ya faɗa jiya. Haka ya faɗa yau da asuba. Mutumin nan in bai tsorata tsofaffi ba abinci ba ya shiga cikinsa."

"Mista Cleon, don Allah."

"Ke tafi. Ki ja wannan malalacin mijin naki ku shiga. Ki ce masa ya ɗaura sarƙar a ƙugiyar ƙasa, ba ta sama ba. Kullum sai na faɗa masa."

Ranar Laraba ce, ƙarshen watan Afrilu na 2011, kuma tun da watan ya kama mutanen Cotter ba su yi barcin kirki ba. Hadari ya wuce, wani ya taso. Sau takwas suna kwasar yara da barguna suna gangarawa ramin ɓuya daga guguwa. Na asubahin ranar ma ya karya turakun lantarki, ya kayar da sandar jiniyar gargaɗi da ke bayan coci, har aka rufe makarantar firamaren da Odessa ke dafa wa yara abinci. Yanzu ƙarfe uku da rabi na yamma, sama ta yi wani irin duhu mai kore-kore, tsuntsaye duk sun yi tsit.

Ramin kuwa na Mista Cleon ne. Shi ya haƙa shi da hannunsa a bayan gidansa a 1974, makonni kaɗan bayan guguwa ta ɗauke gidan mahaifinsa da ƙanwarsa a ciki. Ya zuba masa kankare, ya yi masa matakala goma sha biyu, ya haɗa ƙofar ƙarfe da waldarsa. Shekara talatin da bakwai, duk lokacin da sama ta ɓaci, shi ne mai danna ham ɗin mota sau uku, ya tsaya a bakin ramin yana ƙirga mutanen layin Tolliver kamar kaji, yana zagin wanda ya makara.

Odessa ta san abin da ya sauya. Waccan Juma'ar sun yi awa uku a ƙasa. Tsohon yana da shekara saba'in da takwas, ƙugunsa ɗaya na ƙarfe ne, mafitsararsa kuma ta daina jin magana. Ya daure iya daurewa, fitsari ya ƙwace masa a kan benci, gaban mata da yara. Da aka buɗe ƙofa ƙafafunsa suka ƙi hawa matakala, sai da maza biyu suka ciccibo shi kamar buhun masara. Babu wanda ya ce uffan. Amma tun daga ranar bai sake zuwa coci ba.

Ta sassauta murya. "In maganar rannan ce, babu wanda ya gani."

Ya ɗago ya kalle ta. Idanunsa suka yi ja.

"Fita min daga gida."

"Na sa bokiti da labule a lungu. Da kaina na..."

"Na ce fita! Tun kina rarrafe na san ki, yau ke ce mai sa min bokiti?"

Daga waje ta ji muryar mijinta Vernon yana ƙwala mata kira. Ƙanƙara ta fara dukan kwanon rufi kamar ana jifa. Ta shigo ta kama hannun tsohon ta ja, ya doke hannunta da sanda. Zafin ya hau mata har ƙwaƙwalwa.

"To zauna ka mutu mana! Tsoho sai taurin kan tsiya!"

Ta saki ƙofar ta ruga.

Su tara ne a ramin. Darlene ta gidan ƙarshe ta cusa jaririyarta cikin riga. Vernon da Royce, mai kiwon kaji, suka ja ƙofar suka ɗaura sarƙa.

"Ina dattijo?" in ji Vernon.

"Ya ƙi."

"Ya ƙi? Bari in je in ɗauko shi ko yana so ko ba ya so."

Ya kai hannu kan sarƙar ke nan kunnuwansu suka toshe gaba ɗaya. Royce ya riƙe masa wuyan hannu ya girgiza kai.

Mutane kan ce ƙarar guguwa kamar ta jirgin ƙasa ce. Odessa ba jirgi ta ji ba. Ji ta yi kamar ana niƙa duniya a saman kanta. Ƙofar ƙarfen ta dinga ɗagawa tana faɗuwa, mazan biyu suka rataye a jikin sarƙa da duk nauyinsu, ƙasa na zubo musu ta ramin shan iska. Wata na kiran sunan Yesu ba tsayawa. Odessa ba ta yi addu'a ba. Maganar da ta faɗa wa tsohon ce kawai take ta juyawa a kanta.

Ba a yi minti biyu ba abin ya wuce.

Da ƙyar suka ture ƙofar, don rassa sun danne ta. Odessa ta hau matakala ta tsaya. Haske ne ya fara ba ta tsoro, haske ta ko'ina, don babu sauran bishiya ko rufin da zai tare shi. Layin Tolliver gida bakwai ne. Babu ko ɗaya. Inda nata yake sai daɓen siminti da bututun ruwa yana fesawa sama. Motar Vernon tana kwance a gonar wani, tayoyi a sama. Iska na warin gas da ɗanyen itace.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta nufi tarin katako da bulon da ya zama gidan Mista Cleon, tana kiran sunansa har muryarta ta dishe.

"Yi shiru!" in ji Vernon. "Saurara."

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan. Ana buga ƙarfe da itace.

Suka bi ƙarar, suka ɗaga wani ɓangaren rufi, suka janye katifa da ta jiƙe sharkaf. Ga shi nan kwance rigingine, fuskarsa duk laka, sandar na hannunsa yana dukan bututu da ita. Babban gungumen da ke riƙe da rufin gidan ya faɗo a kan cinyoyinsa biyu, bulon murhun ɗaki kuma ya rushe a kan gungumen.

"Ki daina ihun nan," ya ce da wata siririyar murya. "Kina sa min ciwon kai."

Ta durƙusa a gefensa, dariya da kuka suka haɗe mata. "Kana raye. Ya Ubangiji, yana raye. Ina ke maka ciwo?"

"Babu. Shi ne abin da bai yi min daɗi ba."

Vernon ya kama gungumen ya gwada. Ko motsi. Royce ya kama, wasu maza biyu suka kama, suka yi nishi tare har jijiyoyin wuyansu suka fito. Ko motsi. Odessa ta ciro wayarta ta danna lambar agaji. Shiru. Ta ɗaga ta sama, ta hau kan tarin bulo, ta sake dannawa. Darlene ta gwada tata. Duk shiru.

"Motata tana kwari, wajen ɗakunan kaji," in ji Royce. "In Allah ya sa tana nan, akwai jak da injin yankan itace a baya."

"Yi gudu," in ji Odessa. "Royce, yi gudu!"

Sauran suka hau kwashe bulo da hannu. Ɗaya bayan ɗaya, su ɗauka su jefar. Farcen Odessa biyu suka ɓalle ba ta sani ba sai da ta ga jini a kan bulo. Ƙusa ta huda ƙafarta marar takalmi, ta zare ta ci gaba. Kowane ɗan lokaci sai ta leƙa fuskar tsohon.

"Yi min magana, Mista Cleon."

"Me zan ce miki? Gidanki yana nan?"

"Babu."

"Wannan mummunan fentin shuɗin ma ya tafi?"

"Ya tafi."

"To an rage asara."

Wajen ƙarfe biyar saura kwata Royce ya dawo a ƙafa yana haki, jak a kafaɗa. Motar tana nan lafiya, amma bishiyoyi sun tare ta a bakin layi. Suna cikin neman inda za su kafa jak ɗin sai ga Darlene ta fito daga rami da rediyo a hannu, fuskarta ta yi fari fat.

"Wata na zuwa," ta ce. "Ya ce hanya ɗaya da ta farko. Ya ce minti goma sha biyu."

Duk suka juya yamma. Can bayan inda coci yake a da, sama ta sake yin baƙi, walƙiya na wasa a cikinta ba ƙaƙƙautawa.

"Kafa jak ɗin," in ji Odessa.

"Ƙasa ta yi laushi, Dessa," in ji Vernon. "Sai mun nemo abin da za mu ɗora shi a kai. In muka yi gaggawa ya zame, gungumen nan a ƙirjinsa zai sauka."

"To nemo mana! Me kake tsaye kana yi?"

"Minti goma ba zai isa ba!"

"Vernon," in ji tsohon. Sai da suka sunkuya suka ji shi. "Kwashe su ku shiga. Kar ka tsaya sauraren matar nan, shekara talatin kana sauraronta ga inda ta kai ka."

Royce ya tattara sauran suka gangara. Vernon ya kama hannun matarsa. Ta fizge.

"Na bar shi sau ɗaya."

"Odessa, muna da jikoki."

"Na ce na bar shi sau ɗaya! Kai tafi. In ka taɓa ni sai na fasa maka kai da bulon nan."

Vernon ya dubi ramin, ya dubi sama, ya dube ta. Ya yi wata ashar da bai taɓa yi a gabanta ba. Sannan ya jawo jiƙaƙƙiyar katifar nan ya rufa musu, ya kwanta a kanta ta waje, ya zura hannuwansa ƙarƙashin gungumen ya riƙe gam.

A ƙarƙashin katifar duhu ne da warin laka. Odessa ta kwanta a gefen tsohon, ta rungume kansa a ƙirjinta. Ƙanƙara ta sauko, manya-manya, tana jin yadda take dukan bayan Vernon yana gurnani. Iska ta fara kuka.

"Kin ce in mutu," in ji Mista Cleon a kunnenta. "Ga shi ina iya ƙoƙarina."

"Rufe min baki."

"Ban taɓa ganin mai ba da umarni irinki ba. Gwamna guda."

"Ka yafe min. Ban yi nufi ba. Allah ya sani ban yi nufi ba."

"Na sani. Ni ma na doke ki." Ya yi numfashi da ƙyar. "Saurara. In kin samu 'yata Yvette, kar ki ce mata na ƙi shiga. Shekara biyar tana roƙona in koma Detroit wajenta. Za ta ce da ta matsa min. Ki ce barci nake, ban ji ba."

"Ni ba zan yi maka ƙarya ba. Da bakinka za ka faɗa mata."

"Dessa."

"Mene ne?"

Sannan ya ce, a hankali, kamar ƙaramin yaro, "Ina jin na sake yi."

Ta ƙara matse kansa a jikinta. "Ruwan sama ne. Duk mun jiƙe. Ni ma haka nake, Vernon ma haka."

Ƙarar ta taso daga nesa, irin ta ɗazu. Kunnuwanta suka fara toshewa. Katifar ta ɗaga, Vernon ya danne ta. Wani abu mai nauyi ya faɗi kusa da su har ƙasa ta girgiza. Wannan karon Odessa ta yi addu'a, da ƙarfi, ba tsari, tana cewa ya Ubangiji ba yau ba, ba haka ba, ka bar min shi ko na kwana ɗaya ne. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa, ta tsaya a wuri ɗaya kamar tana shawara, sannan ta fara ja baya ta arewa.

Guguwar ta bi ta bayan rafi. Rabin mil ne tsakaninsu da ita.

Vernon ya mirgino daga kan katifar, bayan rigarsa duk jini, kunnensa ɗaya ya tsage. Ya tafi ya jawo murfin injin wanki da wasu bulo masu faɗi. Royce da sauran mazan suka fito. Suka shimfiɗa, suka kafa jak, Royce ya fara bugawa. Gungumen ya yi ƙara, ya ɗaga kamar faɗin yatsa. Suka cusa bulo. Ya sake ɗagawa, suka sake cusawa.

A nan ne tsohon ya yi ihu. Odessa ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ihun ba. Mazan suka tsaya.

"Ku ci gaba!" ta ce tana kuka. "Kar ku tsaya, ku ci gaba!"

Da suka janyo shi, ta kalli ƙafafunsa sau ɗaya ta kau da kai. Darlene ta kawo bargon jaririyarta aka rufa masa. Suka ɗora shi a kan wani ƙyauren ƙofa da suka tsinta, mutum huɗu suka ɗauka, suna tsallake wayoyin lantarki da kwanon rufi da matattun kaji, har bakin layi inda a-kori-kurar Royce take. Odessa ta hau baya ta ɗora kansa a cinyarta.

Mil shida ne zuwa cikin gari. A ranar da babu komai, tafiyar minti goma ce.

Ba su yi nisa ba suka tarar da bishiya ta farko a gicciye. Vernon ya tayar da injin, ya yanka, Royce ya ja guntayen gefe. Suka wuce. Taku ɗari, ga wata. Suka yanka. Ga wasu uku a kan juna. Wani mutum ya fito daga daji rungume da hannunsa da ya karye, yana tambayar ko sun ga matarsa. Ba su gan ta ba. Wata mata na zaune a tsakiyar titi da tukunya a cinya, ba ta ko ɗago ba da suka kewaye ta. Odessa na ta danna waya. Sau ɗaya ta shiga, wata murya ta ce duk motocin asibiti suna waje, babu hanyar zuwa Cotter, su yi ƙoƙari su kawo shi da kansu. Layin ya yanke.

Tun da aka ɗaga gungumen tsohon ya sauya. Zolayar ta ƙare. Leɓɓansa suka yi toka-toka, hannunsa ya yi sanyi, bugun da take ji a wuyansa sai ya yi sauri, ya tsaya, ya sake yi.

"Ruwa," ya ce.

Babu ruwa. Ta matse gefen rigarta a bakinsa, ya tsotsa.

"Su wa suka shiga?"

Ta gane ramin yake nufi. Ta lissafa masa su, ɗaya bayan ɗaya, har jaririyar Darlene.

"Duk sun fito?"

"Duk sun fito. Ko ƙwarzane babu."

"Ƙofar ta riƙe?"

"Ta riƙe."

"Ni na yi waldarta," ya ce. "Da tsohon ƙarfen tirela. Lorene ta ce ɓata lokaci nake."

"Matarka ba ta taɓa ganin abin da ka yi daidai ba."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Ku biyun nan."

Motar ta sake tsayawa. Wannan bishiyar ta fi duk sauran, kaurinta ya kai ƙugun mutum, kuma daga bayanta ana hango babban titi da fitilun motar 'yan kwana-kwana suna juyawa. Vernon ya duba tankin injin ya girgiza shi a kunne.

"Saura kaɗan, Mista Cleon," in ji Odessa. "Ga titi can. Kana ji? Ga su can."

Injin ya tashi da ƙara. Garin katako ya dinga tashi yana sauka a kansu, tana kare masa fuska da tafin hannu. Sai ta ji kansa ya ƙara nauyi a cinyarta. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake shi. Ta jira na gaba.

"Mista Cleon?"

Ta girgiza shi. Ta sa kunne a ƙirjinsa, amma ƙarar injin ta hana ta jin komai. Ta kwantar da kansa, ta durƙusa ta fara danna ƙirjinsa yadda aka koya musu a makaranta, tana ƙirgawa, tana hura masa iska a baki, laka na shiga nata.

"Vernon! Vernon!"

Taku goma ne tsakaninsu, amma ya ba ta baya, injin na ihu a hannunsa. Royce ma ya sunkuya yana jan reshe. Ta yi ta kira, ta yi ta dannawa, har wani abu ya karye a ƙarƙashin hannunta, hannuwan suka mutu, ta kasa ɗaga su.

Injin ya mutu. Gungumen ya rabu biyu ya faɗi. Vernon ya juyo, gumi da jini na zuba a fuskarsa, yana murmushi.

"Hanya ta buɗe, Dessa!"

Ya ga yadda take zaune. Ya ajiye injin a ƙasa a hankali, ya cire hularsa.

'Yan kwana-kwana suka duba shi, suka ce kar su je asibiti, asibiti ya cika da masu rai. Makarantar firamare ake kai irinsa. Haka Odessa ta shiga makarantar da ta yi shekara ashirin da biyu tana dafa abinci, ta ƙofar ɗakin wasannin yara, tana bin ƙyauren da aka ɗauko maƙwabcinta a kai. An riga an jera mutum goma sha ɗaya a ƙasa, wasu an rufe su da labule, wasu da tabarmar motsa jiki.

Wata mata mai riƙe da takardu ta zo. "Sunansa?"

"Cleon Tarver."

"Shekarunsa?"

"Saba'in da takwas."

"Ke 'yarsa ce?"

"Maƙwabciyarsa ce."

"Sai dangi za su sa hannu. In kin gama za ki iya jira a waje."

"Ba zan bar shi haka ba," in ji Odessa. "Mutumin nan ko shara zai fitar sai ya taje kansa."

Matar ta dube ta, ta dubi ƙafarta marar takalmi, ta wuce. Odessa ta shiga kicin ɗinta a cikin duhu, hannunta ya san inda komai yake. Ta ɗauko kwano da tsumma mai tsabta da gorar ruwa biyu. Ta wanke masa fuska. Ta cire lakar da ke cikin kunnuwansa da hancinsa da ƙasan idanunsa. Ta tsince garin katako da ɓarɓashin gilashi daga furfurarsa, ta gyara ta da yatsu. Ta ɓalle masa maɓallin wuya ta mayar daidai. Ruwan kwanon ya zama baƙi, ta zubar ta sake.

Makarantar a kan tudu take. Da ta fito, wayarta ta fara kaɗawa a aljihu, saƙonni na shigowa a jere. Kafin ta duba, kira ya shigo. Yvette ce.

"Mis Odessa! Na gode Allah. Tun ƙarfe huɗu nake kira. Ina ganin Cotter a talabijin. Baba yana tare da ku? Yana cikin ramin, ko?"

Odessa ta zauna a kan dakalin da yara ke jiran motar makaranta.

"Yvette, 'yata, akwai wani kusa da ke?"

Wani sauti ya fito daga wayar wanda ya sa Odessa ta rufe ido.

"Ta yaya? Shi da ya haƙa ramin? Ta yaya, Mis Odessa?"

Odessa ta buɗe baki. Ta tuna hannunta da ya doka, ta tuna abin da ta faɗa masa a bakin ƙofa.

"Ya kwanta ne bayan cin abinci," ta ce. "Jiniya ta lalace tun safe. Bai ji ba."

"Ya sha wahala?"

"Ina riƙe da shi. Har ƙarshe ina riƙe da shi. Yana ta tsokanata."

Sun daɗe a kan layi har batirin ya ƙare.

Vernon ya zo ya zauna kusa da ita, an naɗe masa kunne da bandeji. Ya ajiye mata wasu takalman roba na yara manya da ya samo a ofis. Ba ta sa ba. Yamma ta yi, hadarin ya ja gabas, rana ta leƙo ta ƙasan gajimare ta haske filin ƙwallo.

Sai ta ga wani abu yana saukowa daga sama. Ta ɗauka tsuntsaye ne. Takardu ne da guguwar ta kwasa sama, ɗaruruwa, suna lilo a hankali, suna sauka a kan ciyawa da rufin motoci da kafaɗun mutanen da ke tsaye a layi. Ɗaya ta sauka kusa da ƙafarta. Ta ɗauka. Shafi ne daga littafin wani yaro, aikin lissafi da fensir, sunan makarantar wani gari ne da ba ta taɓa zuwa ba. Malama ta zana masa tauraro da jan biro a sama.

Odessa ta ɗora shafin a gwiwarta ta shiga miƙar da shi da tafin hannu.